Tsohon gareji zuwa wurin gyaran babur: daga rufi ake farawa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kace ka samu tsohon garejin mota ɗaya da ya kusa shekara 20 ba'a komai a ciki sai jibge tarkace, rufin kwano ne yana yoyo ta kusurwa ɗaya, daɓen siminti ya tsattsage ga tabon baƙin mai ko'ina, ƙwan fitila ɗaya tal da soket ɗaya, kuma so kake ka maida shi wurin gyaran baburanka guda biyu da na abokai in sun kawo. Sai ka rufe da tambaya biyu, wane fenti zaka shafa a ƙasa, kuma wane irin teburin ɗaga babur zaka saya.

Toh duka biyun zan amsa maka amma sai can ƙarshe, don in ka fara da su ka bar jaki kana dukan taiki ne. Na haura shekara 20 ina kanikancin babur, wuri uku na gyara da hannuna na maida su shago, kuma a na farkon kusan duk kuskuren da zan lissafa maka sai da na tafka shi. Abin da na daɗe ban gane ba shine wanda ya gina gareji ɗakin kwana ya gina wa mota. Mota bata damu da duhu ba, bata numfashi, bata durƙusawa a kan siminti, in ruwa ya ɗigo mata a kai ko a jikinta. Kai kuwa yini zakayi a ciki, da inji a buɗe, da fetur a daro, da wuta a waya. Aikin da ke gabanka kenan, ka maida ɗakin mota ɗakin mutum, kuma daga sama ake farowa a gangaro ƙasa.

Fara kwashe komai. Komai fa nace, ba wai ka tura tarkace gefe guda ba, ka fitar dasu waje ka share ka bar ɗakin fayau. In da hali ka jira ranar da ake tafka ruwan sama ka shiga ka rufe ƙofa ka tsaya minti 20 da tocila da alli, duk inda kaga ɗigo ko bango yana jiƙewa ka zana masa alama. In ba lokacin ruwa bane ka sa wani ya hau tsani da tiyo yana zubawa kaɗan kaɗan daga bakin rufin zuwa sama kai kana ciki kana kallo. Zaka sha mamaki, inda ruwa yake faɗowa sau tari ba nan ramin yake ba, can sama yake shiga ya bi katako ya gangaro mita ɗaya ko biyu kafin ya ɗigo. Kuma yawanci ba kwanon ne ya huje ba, kusoshi ne. Kwano yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, shekara da shekaru sai ramin kusa ya faɗaɗa, robar kanta ta bushe ta farfashe. Ka cire su ka sa sukuru mai roba wanda ya ɗan fi su kauri. Sannan ka ɗauki sukurudireba ka bi katakon rufin ɗaya bayan ɗaya kana sokawa, musamman inda ya shiga bango, in ƙarfen ya lume kamar a cikin sabulu to wannan ya ruɓe ko gara ta gama dashi, canzawa za'ayi, fenti baya tada mataccen katako.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, in kaga silin ko wani ɓangaren rufin irin allon siminti ne mai ruwan toka, kar ka yanka, kar ka huda, kar ka goge shi da giranda. Tsoffin gine-gine da yawa asbesto ne a ciki, Birtaniya sai 1999 ta haramta shi gaba ɗaya, Tarayyar Turai kuma 2005, wasu ƙasashen har yau ana amfani dashi. In yana zaune lafiya bai farfashe ba baya wani fitar da ƙura, amma da ka sa masa ƙarfe zai watsa zaren da ido baya gani, ya shiga huhu ya zauna, ciwon kuma sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye yake tashi. Ka nemo masu sana'ar cire shi. Haka tsohon fentin ƙofa da taga zai iya zama mai dalma, Amurka ma sai 1978 ta hana shi a gidaje, don haka kar ka goge shi a bushe kana shaƙa.

Akwai kuma ruwan da ba daga sama yake ba, shine gumin kwano. Da asuba kwano yayi sanyi, danshin cikin ɗaki ya hau ya taru a jikinsa ya dinga ɗigowa kamar yayyafi. Wannan ne ke sa ka bar sifanu fes da daddare ka tarar da tsatsa ja a kansu bayan sati ɗaya, ko ka buɗe inji ka bar silinda a kan tebur ka dawo ka ga ta yi dabbare-dabbare. Maganinsa silin ko wani abu mai tare zafi a ƙarƙashin kwanon, da kafar iska. Kuma in ana zafi zaka gode wa silin ɗin nan.

Daga nan ka fita waje ka zagaya ginin. Ƙasar waje ya kamata ta kasance ƙasa da daɓen ciki da kamar santimita 15 kuma ta gangara nesa da bango, amma tsohon gini zakaga shekaru sun tara ƙasa da shara a gindinsa har sun fi ciki tudu, shikenan duk ruwan da ya sauko daga indararo bango ne ke sha. Yini ɗaya da shebur ya kan magance abin da mutane ke kashe kuɗin fenti mai hana ruwa a kai. Tsagewar bango kuma in siririya ce kamar gashi kar ta hana ka barci, amma in ta kai milimita 5, ko tana hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ko tana saman ƙofa wajen linta, ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, bayan wata biyu ka duba. In ta wuce layin to tushe ne ke motsi, wannan sai injiniya ko gogaggen magini, ba aikin cusa siminti da yatsa bane.

Yanzu ƙasa. Kafin ka yi tunanin kowane fenti yi wannan gwajin, kusan kyauta ne. Yanko leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a kan simintin, ka bi gefenta huɗu da salatif ka liƙe ruf yadda iska bazata shiga ba. Ka yi haka a wuri uku, ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kusurwar da ke yoyo. Ƙa'idar gwajin aƙalla awa 16 ce amma ni kwana biyu nake bari. In ka ɗaga ledar kaga raɓa a cikinta ko simintin ƙarƙashinta yayi duhu, ruwa na tasowa daga ƙasa kenan, tsoffin gareji da yawa ba'a shimfiɗa leda kafin a zuba daɓensu ba don ba wanda ya damu, mota ce zata kwana. Sai kuma ka ɗiga ruwa a kan tabon man nan, in ruwan ya dunƙule yana yawo bai shiga ba to mai ya ratsa simintin. Ka riƙe sakamakon gwaji biyun nan, zamu dawo kansu.

Ka bi daɓen da guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali, inda yayi ƙarar holoƙo ya rabu da ƙasa, a fasa a sake zubawa. In kusan rabin ɗakin haka yake ko wani gefen ya nutse gara a sake shi gaba ɗaya, leda a ƙasa, kauri santimita 10, a bar shi kwana 28 kafin a ɗora masa nauyi ko fenti. Sannan ka ɗora ma'aunin ruwa na magina kaga ta ina ya gangara, don yawanci da gangan ake karkata daɓen gareji zuwa ƙofa, santimita 1 ko 2 a kowace mita. Mota ba ruwanta da wannan amma babur da ruwansa. A shagona na farko na taɓa jingine wani babba a kan sitan ɗin gefe, kansa na kallon ƙofa, ba giya, na cire kujera na juya zan ɗauko sifana mai lamba 10, sai naji wani ɗan ƙiii na ƙarfe a kan siminti, kafin in waiwayo ya mirgina gaba kamar taki ɗaya, sitan ya naɗe, ya kwanta da tankinsa a kan kusurwar akwatin kayan aiki. Ba nawa bane kuma fentin tankin sabo ne. Tun daga ranar nake sa kan babur ya kalli tudu kuma a giya ɗaya nake barinsa.

Toh ga abin da nake ganin yafi komai amfani kuma ba mai yinsa. Kafin ka kafa ko kusa ɗaya a bango, ka turo babur ɗinka mafi girma ka tsayar dashi inda kake tunanin zaka dinga aiki, ka zagaye shi da alli. Ƙaramin babur mai 125cc tsawonsa wajen mita 2 ne, faɗin kansa santimita 70 zuwa 80, manya irin Honda Gold Wing kuma sun kai mita 2 da rabi. Garejin mota ɗaya yawanci faɗinsa mita 2 da rabi zuwa 3 ne, tsawo 5 zuwa 6. Yi lissafin da kanka, in ka sa babur a tsakiya kana bukatar kusan mita ɗaya ta hagu da ɗaya ta dama don ka tsuguna ka zaro aksul ko ka buɗe murfin kuloci, kaga faɗin ya ƙare tas. Shi yasa nake cewa a irin wannan ɗakin teburin aiki a bangon ƙurya yake zama, ba a gefe ba, bangon gefe kuma kanta marar zurfi kawai, santimita 20 zuwa 25, ko ka ɗaga ta sama da kai. Ka tsuguna da gaske a gefen babur ɗin, ka yi kamar kana cire tayar baya, ka ga ina gwiwar hannunka ke bugawa. Ka gwada fitar da babur na biyu ba tare da ka motsa na farko ba. Kuma ka bar fili na babur ɗin da zai kwana wata uku a wargaje yana jiran kaya, don wallahi sai an samu irinsa, kowane shago akwai shi.

Yanzu maganar da nafi so ka saurara, fetur. Ba ruwan fetur ne ke kamawa ba tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin da zai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a ɗaki mai ɗumi. Tururin nan yafi iska nauyi ninki 3 zuwa 4, baya tashi sama ya fita ta taga yadda mutane ke zato, kwanciya yake a ƙasa ya malala kamar ruwa ya nemi kwari. Ni na gani da idona. Na juye tanki a buɗaɗɗen daro na barshi a gindin babur, wani da muke aiki tare ya kunna giranda a can ɗaya ƙarshen ɗakin, tsakaninmu ya kai taki biyar, sai kawai naga wata shuɗiyar wuta siririya ta taso daga wajensa ta biyo ƙasa a guje kamar maciji ta wuce ta tsakanin ƙafafuna ta faɗa daron. Allah ya taimake mu akwai faifan ƙarfe a kusa na kifa a kai ta mutu, gashin ƙafata dai ya tafi. To shi yasa kafar iska biyu nake so ka buɗe, ɗaya ƙasa ƙasa kusa da daɓe, ɗaya can sama a bangon da ke fuskantarta, ka sa musu raga saboda ɓeraye, su ma in sun shiga wayoyin babur da soson kujera suke ci. In garejin yana da ramin nan na shiga ƙarƙashin mota ka cike shi, gyaran babur baya bukatarsa kuma nan tururi ke taruwa. Fetur a jarkar da aka yi don fetur, a rufe, kaɗan, kuma in da hali ba a cikin ɗakin ba. Kar ka wanke kaya da fetur, kananzir ko ruwan wanke giris sun isa. Walda da giranda kuma in zaka iya ka fitar dasu bakin ƙofa, tanki kam ko a waje kar ka kusance shi da walda don ka ga ba komai a ciki, wanda ba komai ɗin ma yafi fashewa.

Na biyu hayaƙin salansa. Dole zaka tada inji ka saurara, ka saita kafireto, ba makawa. Iskar da ke kisa a ciki, kabon monoksaid, bata da launi bata da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sama da ninki 200. Tsohon babur mai kafireto, musamman in cok a ja yake, yana fitar da ita sosai, ɗaki mai mita 3 da 6 kuma minti kaɗan ya ishe shi cika. Farkonta ciwon kai ne da jiri da kasala, mutum yace gajiya ce bari ya ɗan zauna, zaman kenan. Buɗe ƙofa rabi baya wadatarwa. Ko ka tura babur waje, ko ka sa bututun ƙarfe mai lanƙwasa a bakin salansa ya fita ta bango, kuma ka rataye ƙararrawar nan mai jin wannan iska. In garejin a manne yake da gida ka toshe duk wata kafa da ke tsakaninsu.

Sauran a gurguje. Batir mai ruwa in yana caji yana fitar da iskar haidurojin, ita kuma sama take tashi kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta, ka ware masa kanta kusa da kafar sama nesa da giranda. Wani ruwan wanke birki na feshi mai sinadarin kulorin in zafin walda ya taɓa shi yana komawa iskar guba ta fosjin, ka karanta jikin gwangwani kafin ka fesa a abin da zaka yi wa walda. Tsummokaran mai a bokitin ƙarfe mai murfi. Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo 6, a bakin ƙofa zaka rataye ta ba a ƙurya ba, don in wuta ta tashi ka kasance kana yaƙarta bayanka na ga hanyar fita. Ruwa kam kar ka zuba wa wutar fetur, yaɗa ta zakayi.

Wutar lantarki, dan Allah wannan ka kira mai sana'ar. Wayar da aka ja don ƙwai ɗaya shekara 20 da suka wuce ba zata ɗauki kwampreso ba, shi in zai tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita. Abin da zaka nema a wurinsa: ɗan akwatin rabon wuta na garejin shi kaɗai, da na'urar RCD mai 30mA wadda ke yanke wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum, da wayar ƙasa da aka gwada da mita ba wadda aka ce maka akwai ba. Kana tsaye a kan siminti mai danshi riƙe da ƙarfe, ba wurin wasa bane. Inda wuta take 220 zuwa 240 yawanci waya mai kauri 2.5mm ake ja wa soket, mai 1.5mm wa fitilu, injin walda kuma a ja masa layinsa daban mai kauri, amma shi zai duba dokar inda kake. Fitilu ma layinsu daban, kar giranda ta yanke wuta ka tsinci kanka a duhu da faifai yana juyawa a hannunka. Soket kuma duk adadin da ka ƙiyasta ka ninka shi, ka ɗaga su sama da tsayin tebur, kamar mita 1 da santimita 10, saboda tururin nan na ƙasa da kuma bayanka. Ɗaya a silin saman inda babur zai tsaya, zaka daina tuntuɓe da waya.

Haske kuma kuskuren kowa shine fitila ɗaya mai ƙarfi a tsakiya, daidai saman babur. Tanki da kujera su sha haske, inji da ke ƙasa ya zauna a inuwa, in ka sunkuya ma kanka ya ƙara tarewa. Dogayen fitilun LED layi biyu zaka sa, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, ta yadda haske zai shigo a karkace, sai ɗaya a saman tebur ta gabanka ba ta bayanka ba. Fari mai 4000K zuwa 5000K, wato lambar da ke nuna launin hasken ƙwai, don a jan haske wayar ruwan ƙasa da ja duk ɗaya suke zama. Bango da silin ka shafa musu farin fenti, wannan kaɗai kamar ka ƙara fitila biyu ne.

Tebur ka yi shi da nauyi, tsayi santimita 90 zuwa 95 gwargwadon tsayinka, zurfi 60, ka ɗaure shi da bango, don ranar da zaka sa bais ka danne noti mai taurin kai bakaso tebur ya biyo ka. Ka shimfiɗa faifan ƙarfe a rabi don aikin duka da datti, ɗaya rabin ka barshi tsaf don kafireto da cikin inji, kuma giranda ta yi nesa da wannan ɓangaren, ƙurarta in ta shiga kafireto ko silinda ta gama dasu. Kayan aiki kar ka sayi akwati guda mai ɗari biyu da rabinsu bazaka taɓa ba. In baburanka na Japan ne, Honda, Yamaha, Suzuki, Kawasaki, sifanu masu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 su ne abokan hirarka, ka sayi masu kyau. Kuma ga wani sirri da ya cinye kan sukuru ba adadi, sukurun da ke jikinsu mai kan gicciye ba Phillips bane, irin gicciyen da aka saba, JIS ne, wato ƙirar Japan, sau da yawa zakaga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Sukurudireban Phillips zamewa yake ya cinye kan, na JIS kuwa zama yake daram. Harley-Davidson yawanci inci ne, tsoffin na Ingila irin su BSA da Norton da Triumph kuma Whitworth, wani tsohon ma'aunin noti na Ingila, sifanar milimita zata yi kamar ta shiga ta lalata maka noti. Sai sifanar auna ƙarfin ɗauri, don inji alminiyam ne, zare baya yafiya. In ka sayi kwampreso mai lita 50 ya isa, ka dinga buɗe ƙasansa kana zubar da ruwa, kuma kar ka ja iska da bututun roba na famfo, fashewa yake ya watsa tsini.

Ƙofa ka duba hinjis da sakata kafin kwaɗo, kwaɗo mai tsada a jikin ruɓaɓɓen katako ado ne kawai. In zaka sake daɓe ka binne zoben ƙarfe a ciki don ɗaure babur da sarƙa. Tsohon baƙin mai ka tara a jarka ka kai inda ake karɓa, kar ya shiga ƙasa ko kwata. In kuma gyaran abokai ya fara zama na kuɗi ka binciki izini da dokar wurinku tun kafin maƙwabci ya gaji da ƙarar salansa ya bincika maka.

Toh fentin ƙasa da ka tambaya. In ledar nan ta fito a bushe, kuma ka wanke man da sabulun cire giris har ruwa ya daina dunƙulewa, ka sa a goge fuskar simintin da inji ta yi kaushi, sannan ka shafa fentin epoxy mai haɗi biyu, ka barbaɗa ɗan yashi mai laushi a shafin ƙarshe don in mai ya zuba kar ya zama santsi. Ruwan toka mai haske, launi ɗaya, banda mai ɗigo-ɗigon ado, ranar da ɗan kilif ɗin fistin ya yi tsalle ya faɗi zaka gane dalili. In kuwa ledar ta yi raɓa kar ka ɓata kuɗinka, danshi zai turo shi daga ƙasa ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, kuma sitan ɗin babur zai ƙarasa shi. A nan sinadarin da ake shafawa ya ratsa siminti ya ƙarfafa shi ya hana ƙura ya isa, sai tabarmar roba inda kake tsayawa.

Teburin ɗagawa kuma ni shawarata ka yi wata biyu kana aiki a ɗakin tukun. In babura ƙanana ne masu kilo 110 zuwa 130 benci na katako mai ƙarfi, tsayi santimita 45 zuwa 50, da gangara mai cirewa da maƙalin tayar gaba yana yin aikin. In akwai mai kilo 200 zuwa sama to sayi na haidurolik mai fedar ƙafa, yawancinsu an rubuta kilo 450, ka tabbatar yana da sandar kulle ta ƙarfe da zaka zura bayan ka ɗaga don kar ka dogara da mai kaɗai, yana da faifan baya mai cirewa don sauke taya, kuma kullum igiya biyu a gaba kafin ka taka feda. Ka auna silin ma, teburin yana tashi wajen santimita 75 zuwa 80, ka ɗora tsayin babur da madubi da gilashin gaba a kai kaga ko zai daki fitila ko ƙofar da ke naɗewa sama. Nasan kuma zuciya zata raya maka ka rataya sarƙar ɗaga inji a katakon rufi, kar ka yi, kwano aka lissafa masa ba babur ba, in kana so ka sa mai walda ya haɗa maka ƙafa biyu da gindinsu a ƙasa da ƙarfe a sama. Ka fara liƙa ledar nan yau, jibi ka faɗa min abin da ka gani a ƙarƙashinta.